Sauro Brasini da Faifan da Aka Rufe wa Suna

Ranar Laraba, goma sha biyu ga Afrilu, 1989, da ƙarfe goma da kwata na safe, Sauro Brasini ya shigo ofishin masana'antar buga faifai da nake yi wa aikin akawu a bayan garin Forli. Na san lokacin daidai, domin yana nan a littafin karɓar aiki, shafi na arba'in da ɗaya. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ɗan shekara hamsin da biyu, sanye da rigar aiki ruwan toka da ta sha guga. Ya ajiye wani abu a kan kanta, naɗe cikin tsumman goge kwano. Da ya warware sai ga tef.

Na jawo takarda na tambaye shi sunan kiɗan.

"Bagno 61," in ji shi. Sunan wurin hutawa ne a bakin teku, inda matarsa ke sana'a.

"Sunan mai kiɗan fa?"

"Sauro Brasini."

Na dakata da rubutu. A shekarun nan duk wanda ya kawo mana kiɗan rawa irin na samari, ko daga ƙauyen bayan gida ya fito, sunan Ingilishi yake laƙaba wa kansa, don masu saye su ɗauka daga Amurka kayan suka zo. Na gaya masa haka ake yi.

"Akawu," ya ce, "ni ban taɓa wuce Bologna ba sai lokacin da na yi soja. Rubuta abin da fadan coci ya rubuta ranar baftismata."

Na rubuta. Ya leƙo ya duba ko na saka haruffan daidai, sannan ya naɗe tsummansa ya tafi da shi.

A Cesenatico aka haife shi, a 1937. Mahaifinsa masunci ne, ya so yaron ya gaje shi, amma Sauro bai taɓa hawa jirgin ruwa ya sauka da abincinsa a ciki ba. Yana da shekara goma sha huɗu aka kai shi Cesena wurin wani tsoho mai saita piyano, kuma a wannan sana'ar ya zauna har ya tsufa. Aiki bai taɓa yanke masa ba. Kowane otal a gaɓar teku yana da piyano a zaurensa, kuma daga Oktoba zuwa bazara otal-otal a kulle suke, danshin teku yana shiga katako yana sassauta tsirkiyoyi. Da watan Maris ya kama sai Sauro ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya hau 'yar motarsa mai ƙafa uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yana da wata al'ada. In ya gama saita piyano, kafin ya rufe murfi, sai ya yi wani ɗan kiɗa don ya ji ko aikin ya zauna. Bugu takwas ne kawai, hannun dama yana dukan maɓallai uku-uku, na hagu yana tsalle tsakanin ƙasa da tsakiya. Shi ya ƙirƙire shi tun yana ɗan shekara ashirin, domin cikin bugu takwas ɗin nan yana taɓa duk wuraren da piyano ya fi saurin karkacewa. Masu shara a otal-otal sun san shi. Da sun ji, sun san lokacin kai wa Signor Brasini kofi ya yi.

Abu ɗaya ke ci masa rai, ko da yake ba ya yawan faɗa. Aikinsa irin wanda in an yi shi da kyau ba wanda zai san an yi ne, kuma kafin shekara ta zagayo danshi ya warware shi. Shekara talatin da takwas yana aiki, babu abu ɗaya da zai nuna ya ce ga nawa. Matarsa Edgarda, wadda ke gasa piadina, gurasar yankinmu, a rumfarta tana naɗa wa masu wankan teku da cuku da ganye, takan ce masa ai ita ma abin da ta yi da safe kafin azahar an cinye. Shi kuwa yakan ce amma ita ana sanin wa ya gasa.

A watan Fabrairu na shekarar ya je saita piyanon Nives Montalti. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, tana da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a ƙasan gidanta, inda take haɗa wa kantunan kujeru da na takalma tallan rediyo. Ta manta na'urarta a kunne, bugu takwas ɗin suka shiga tef. Bayan kwana huɗu ta kira shi a waya ta ce ya zo ya ji wani abu. Ta ɗora kiɗan nasa a kan gangar inji, irin wadda samari ke rawa da ita a lokacin, tana bugawa ɗaya bayan ɗaya ba numfashi.

Sauro ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wannan gangar taki, Signora, sai ka ce injin wanki ya haɗiyi takalmi."

"To me ya sa ƙafarka ke motsi?"

Ya dubi ƙafar. Ya cire rigar aiki ya rataye, ya zauna a gaban piyano. Asabar uku suka yi suna aikin. Ya shimfiɗa bugu takwas ɗin suka kai minti shida, ya sa wani wuri a tsakiya inda ganga ke ɗaukewa gaba ɗaya piyano ya tsaya shi kaɗai. Da suka gama, Nives ta miƙa masa tef ta ce ita ba ta da haƙurin bin gidajen rawa, a sa sunanta da ƙananan haruffa a baya ya ishe ta.

Kafin a buga faifai da yawa, mukan fara buga 'yan kaɗan na gwaji da farar takarda a tsakiya. Nasa guda biyar suka fito ranar ashirin da takwas ga Afrilu, ni na rubuta sunansa a kan kowanne da hannuna. Ya bar odar guda dubu, ya ce a jira sai ya ji abin da masu rawa za su ce.

Mai sa faifai ɗaya kawai ya sani, Ermes Pirazzoli, wanda ke aiki a gidan rawa na Granchio a kan tudu. Ermes yana da shekara talatin. Sauro ya san shi tun yana rarrafe a ƙarƙashin piyanon mahaifiyarsa, shi ya sa har ya girma Kawu yake ce masa. Ran Lahadi Granchio kan buɗe lambunsa tun ƙarfe biyar na yamma, don haka ranar goma sha huɗu ga Mayu Sauro ya sa rigar zuwa coci ya hau tudu da faifansa a hammata.

Ermes ya saurari rabin minti a kunne ɗaya, ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai gwada don darajar tsohuwarsa. Ya sa shi wajen ƙarfe shida da rabi, rana ba ta faɗi ba. Sauro yana tsaye a jikin wata bishiyar lemo. Da farko bai ga wani canji ba, mutane na rawarsu kamar yadda suke yi. Sai ganga ta ɗauke, piyano ya tsaya shi kaɗai. Ya ga waɗanda ke zaune a kan katanga suna dirowa, ya ga wata yarinya ta ajiye kofinta a ƙasa ba ta ko duba inda ta ajiye ba. Hannuwa suka tashi sama, lambu ya cika da fito. Da ganga ta dawo, ƙasa ta amsa har a tafin ƙafarsa. Sau uku aka sa faifan a yammacin nan, kuma a na ukun mutane suna rera bugu takwas ɗin da baki.

Ermes ya ja shi gefen kantar shaye-shaye, gumi na zuba masa.

"Kawu, wa kuma ke da wannan?"

"Ba kowa. Guda biyar ne, huɗu na gida."

"Kawo mini uku, ka riƙe ɗaya. Ka ba ni shi ni kaɗai zuwa Lahadin farko ta Satumba. Kada ka ba kowa, kada a buga, kada a sayar. Zan sa duk gaɓar nan ta haukace a kansa. In kaka ta yi ka fito da shi, za a yi layi a kantuna."

Sauro ya ji maganar ta yi masa daɗi. A sana'arsa abu mai kyau ba ya tsufa cikin wata huɗu, kuma bai san cewa kiɗan rawa bazara ɗaya yake rayuwa ba. Ya miƙa hannu. Ermes ya kama, suka girgiza sau uku, mai kanta ya zo ya sare hannuwan da gefen tafinsa kamar yadda dillali ke yi a kasuwar shanu. A wurinmu in an yi haka magana ta ƙare. Mutum kan iya musun abin da ya sa wa hannu a takarda, a ce lauyoyi su duba, amma wanda ya warware hannun da aka sare, har jikokinsa sai an faɗa musu.

Kafin Sauro ya bar wurin ya ga abin da bai yi tsammani ba. Ermes ya yanko baƙin salatif ya liƙe farar takardar faifan ruf, ya ɗauki ƙusa ya kankare lambar masana'antarmu da ke gefen ramin tsakiya. Haka masu sa faifai ke yi wa abin da suke taƙama da shi, saboda abokan hamayya kan zo su jingina a teburinsu suna karanta suna yayin da faifai ke juyawa. Sauro ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna hannunsa bai ko huce ba.

Washegari ya zo ofis ya ce a dakatar da odar. Na rubuta, na kuma gaya masa abin da nake gaya wa kowa: muna rufewa hutun Agusta ranar Juma'a ashirin da takwas ga Yuli, ba za a kunna inji ba sai ashirin da takwas ga Agusta, kuma duk masana'antun ƙasar haka suke.

Ermes bai yi ƙarya ba game da haukan. Kafin tsakiyar Yuni motoci daga Bologna da Padova sun fara cika hanyar tudu. Masu kantunan faifai suka shiga kiran masana'antu ɗaya bayan ɗaya suna neman abin da ba su san sunansa ba. Daga ɗaya ga Yuni zuwa goma ga Yuli na rubuta kira sittin da uku. Wani mai kanti daga Verona ya rera mini bugu takwas ɗin a waya har sau biyu. Na gane, amma ba ni da izinin faɗa. Da yake abin ba shi da suna, mutane suka raɗa masa: piyanon Ermes.

Wata safiya Sauro yana zaune a bayan rumfar matarsa yana yanka tumatir, sai ga 'yan mata biyu sun zo sayen piadina, ɗaya tana rera kiɗan tana buga kanta da yatsu.

"Kin san na wane ne wannan?" in ji Edgarda.

"Na Ermes mana, na Granchio."

"Na mijina ne. Ga shi can."

'Yan matan suka leƙa suka ga tsoho da wuƙa da tumatir, da gajeren wando da safa. Suka tuntsire da dariya. Ɗayar ta ce, "Signora, ke ma dai. To a gaishe da Maestro." Suka tafi suna ƙyalƙyatawa. Sauro bai ɗago ba. Ya yanka tumatir har ya fi abin da za a buƙata a ranar.

Ranar Talata goma sha ɗaya ga Yuli Nives ta zo gidansu ba ta ko zauna ba. Wata ƙawarta da ke aiki a Milano ta gaya mata cewa wani ya shiga Granchio da ƙaramin rikoda a aljihu ya naɗi kiɗan, kuma wani ɗakin ɗaukar sauti a can ya sa an kwaikwaye shi bugu da bugu. Za su fito da shi da sunan Ingilishi da zarar an buɗe masana'antu. Lissafin a fili yake. In Sauro ya jira Lahadin farko ta Satumba, nasu zai riga nasa shiga kantuna, kuma shi za a kira mai kwaikwayo. In yana son sunansa ya fara fita, dole a buga kafin ranar rufewa, saura kwana goma sha bakwai.

Sauro ya sami Ermes da ƙarfe ɗaya na rana a wata rumfar bakin teku, yana karin kumallo da baƙin tabarau a ido. Ya gaya masa duk abin da Nives ta ce.

"Mutanen Milano kullum suna cikin kwaikwayo, Kawu. Nasu ba zai yi daɗin naka ba."

"Ba daɗi na zo nema ba. Ka sake ni."

"Ka san abin da nake kafin faifan nan? Mai sa faifai na huɗu a tudu mai gidan rawa huɗu. Yanzu daga Jamus ake zuwa. In ka buga shi, cikin mako guda kowane mai sayar da kankara zai sa shi a rumfarsa."

"To cire salatif ɗin kawai. Ka faɗi sunana a lasifika sau ɗaya."

"In na faɗi sunanka, gobe mutum ashirin na ƙofar gidanka. Kai kuma ba ka iya cewa a'a ba, na san ka." Ya tsoma burodi a kofi. "Ni na tilasta maka? Kai ka miƙo hannu."

"Ni na miƙa."

"To, Kawu."

A gida Edgarda ba ta rage masa komai ba. "Brasini, kai kaɗai ka rage a duniya da ke tsoron saran mai kanta. Yaron da na goge wa majina? Ɗauki faifanka ka kai Forli, in ya isa ya zo ya same ni."

"Na ba da hannu."

"Ka ba da hannu, ka ba da kiɗa, ka ba da suna. Saura wandon."

Kwana biyu yana fita aiki yana dawowa ba ya magana. A rana ta uku yana saita piyano a wani otal a Cervia, ya gama, ya yi bugu takwas ɗinsa kamar kullum. Wani mai ɗaukar jakunkuna da ke wucewa ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ce, "Maestro, kai ma kana zuwa Granchio?" Sauro ya ce a'a. Ya rufe murfi, ya daɗe a zaune.

Da yamma ya buga wa Ermes waya, domin ba ya son a ce ya yi abu a ɓoye. "Faifai yana cikin kabad, ba zan taɓa shi ba, ba zan ba kowa ba. Amma ran Lahadi zan zo ƙofarka da piyano in buga abina da yatsuna. In kana ganin wannan ya shiga cikin abin da muka ƙulla, faɗa mini yanzu."

Ermes ya yi dariya har da tari. "Bai shiga ba, Kawu. Ka zo da hula, rana na da zafi."

Lahadin farko, goma sha shida ga wata, ba ta yi kyau ba. Ya ɗora tsohon piyanon da ke shagonsa a bayan mota ya ɗaure da igiya, amma hanyar tudu duk ramuka ce, kafin ya kai sama rabin tsirkiyoyin sun saki. Masu gadi suka hana shi tsayawa a filin ajiye motoci. Ya koma gefen titi ya buga a haka, babura suna wucewa suna danne sautin. Wasu samari suka jefa masa kwabbai a kan murfi. Ya tattara su ya ajiye a kan katanga, ya ɗaure piyanonsa ya sauko.

Edgarda ta dube shi ta ce, "Ya isa haka?"

"Laifina ne. Na buga piyanon da ban saita ba. Ban taɓa yi ba sai yau."

Cikin makon ya hau tudun sau biyu ba kaya, yana tafa hannu a wurare daban-daban yana saurare. Ya gano cewa daura da ƙofar Granchio akwai doguwar katangar wani tsohon gidan gona, wadda ke maido da sauti kai tsaye zuwa inda ake yin layi, kuma gefen titin nan na hukuma ne, masu gadi ba su da iko da shi.

Ranar ashirin da uku ga wata ya isa da tsakar rana. Ya jingina bayan motar da katangar, ya cire allon gaban piyano don sauti ya fito, ya yi awa uku cikin rana yana saita shi tsirkiya bayan tsirkiya. Wajen ƙarfe huɗu sai ga Edgarda ta sauko daga bas da kwalin katunan sana'arsa. Ta rufe rumfa ran Lahadi a watan Yuli, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka yi wa 'yarsu aikin tiyata.

"Kada ka ce komai," in ji ta. "Na zo ne in ga ƙarshen haukan."

Ƙarfe biyar da rabi layi ya kai kwanar titi, mutum ɗari uku ko fiye. Sauro ya goge yatsunsa da hankici ya fara. Bai yi sauri ba. A zagaye na biyu kawuna suka fara juyowa. A na huɗu wani dogon saurayi ya fara tafi daidai inda ganga ke faɗuwa a faifai, na kusa da shi suka kama, cikin ɗan lokaci duk layin ya zama gangar. Wata ta ce ai tsohon ya iya kwaikwayo. Edgarda ta danƙa mata kati ta ce, "Karanta, 'yata. Tun uwarki ba ta yi haƙori ba yake buga shi." Sauro ya shiga wuraren da babu su a faifai, abubuwan da ya daɗe yana yi shi kaɗai a zaurukan otal, ya dawo kan bugu takwas ɗin, ya sake fita. Wanda ya kwaikwaya ba ya iya haka, kuma masu rawa sun fi kowa sanin wannan. Layi ya watse ya tsallako titi. Waɗanda suka riga suka shiga lambu suka ji fito a waje suka fara fitowa, masu gadi suka rasa wa za su tare.

Ermes ya fito da kansa, abin sauraronsa rataye a wuya. Ya ratsa mutane ya tsaya a gefen motar. Ya dubi lambunsa da ya kusa zama kango, ya dubi mutanen da ke riƙe da katuna suna tambayarsa ko gaskiya ne. Sauro bai daina bugawa ba.

"Kawu, ka kwashe mini mutane."

"Suna nan, ban kai su ko'ina ba."

"Lahadi mai zuwa ma za ka zo?"

"Har Satumba. Na ga wurin ya karɓe ni."

Ermes ya share fuska da tafin hannu. Ya juya ga dogon saurayin nan, wanda ke cikin masu tambayar, ya ce, "Nasa ne. Sauro Brasini. Ni sa wa kawai nake yi." Ya miƙo hannu sama zuwa bayan motar. "Na sake ka. Amma ka shigo ka buga shi a ciki yau, in ba haka ba mai gidan nan zai kore ni kafin dare."

Sauro ya kama hannun da na dama, na hagu yana ci gaba da aiki. Edgarda ce ta sare, kuma Ermes ya ce ya kwana uku yana jin wurin. Samari takwas suka ɗauki piyanon suka shiga da shi lambu.

Litinin ashirin da huɗu ga Yuli na iso ofis ƙarfe bakwai da minti arba'in na sami Sauro zaune a kan dakali. Maigidanmu ya ce injuna a cike suke har ranar rufewa. Na ajiye masa jerin kiran waya, wanda a lokacin ya kai tamanin da ɗaya. Ya karanta, ya ɗage wani aikin waƙoƙin Kirsimeti zuwa bayan hutu, Sauro kuma ya ninka odarsa. Ranar Juma'a da tsakar rana, awa biyar kafin a kashe injuna, guda dubu biyu suka fito, da sunan Sauro Brasini a tsakiya da jan rubutu, na Nives a baya. Shi da kansa ya rarraba su a kantunan gaɓa da motarsa, daga Ravenna zuwa Cattolica, cikin kwana uku.

Duk watan Agusta babu gidan rawar da bai sa shi ba a gaɓar, kuma dubu biyun sun ƙare kafin tsakiyar wata, ba inda za a ƙara bugawa. Da muka buɗe mun sake buga shi sau shida kafin ƙarshen shekara, har da odar masu kai kaya Ingila da Sifen. Na mutanen Milano ya fito a mako na biyu na Satumba. A ƙasar nan bai yi tasiri ba, amma a waje ya sayu, kuma akwai wuraren da har yanzu shi suka sani. Sauro ya san da haka, bai kai ƙara ba.

Sau biyu ya yarda ya hau dandamali bayan ranar Granchio, ya ce hayaƙin da suke fesawa yana lalata katakon piyano, bai ƙara ba. Shi da Nives sun yi faifai na biyu a bazarar 1990. Mun buga ɗari biyar, an dawo da ɗari uku da goma. Bai yi na uku ba. Ermes ya ci gaba da aiki a Granchio har aka rufe gidan a 1996, kuma Sauro ne ya ci gaba da saita piyanon mahaifiyarsa.

Ya yi sana'arsa har zuwa 2002, lokacin da kunnensa na hagu ya daina ji sosai, ya sayar da motar da kayan aikin. Ya rasu a Cesenatico ranar tara ga Nuwamba, 2010, yana da shekara saba'in da uku. Edgarda ta bar rumfar a shekarar da ta biyo baya, ta koma Cesena wurin 'yarsu.